Hayaƙin da Ya Tsallaka Shinge

Shekara talatin da ɗaya Virgil Ledford ya yi yana haƙar kwal a ƙarƙashin duwatsun Kentucky a Amurka, ya fito da huhun da ba ya kai shi ko bakin titi. Kullum da hantsi matarsa Opal take fito da shi baranda, ta ajiye masa tukunyar iskar numfashi kusa da kujera, sannan ta shiga sabgoginta.

Wata Asabar cikin Oktoba ta hango maƙwabcinsu, Doyle Combs, yana tara shara a bakin shinge. Rabin tarin aibi ne mai dafi, wani tsiro mai ganye uku-uku da ke fesa wa fata ƙuraje, har da kaurin jijiyarsa mai gashi da ya ɓamɓaro daga jikin bishiya. Galan ɗin fetur na ajiye a gefe.

"Doyle, me za ka yi da wannan?"

"Abin da ubana yake yi da shi, Yaya Opal. Wuta."

"Ba a ƙona shi. Man da ke jikinsa bin hayaƙi yake yi. Ɓarnar da yake wa fata ita zai yi wa maƙogwaro."

Doyle ya kwashe da dariya, ya miƙo mata damatsansa. "Da hannu tsirara na tumɓuke shi. Ni tunda aka haife ni bai taɓa kama ni ba."

"Ba kai nake ji ba. Mijina nake ji."

"To ai filina ne."

"Iskar ma taka ce?"

Ya sosa ƙeya, ya ce shi ke nan, zai bari sai ranar da iska ta juya. Opal ta ɗauka an gama magana. Ta shiga mota ta tafi gari karɓo maganin Virgil.

Tun daga kwanar gada ta hango hayaƙin. Fari ne, mai kauri, ya kwanto ta kan shinge ya cika barandar. Virgil barci ya ɗauke shi a kujera, bai farka ba sai da tari ya shaƙe shi, kuma ba shi da ƙarfin jan tukunyarsa zuwa ɗaki.

Ta ja shi ciki, ta kira motar asibiti. Sannan ta fito ta finciko tiyon ban ruwa, ta tsaya a shinge ta saki ruwa a kan wutar, a kan galan ɗin, a kan Doyle kansa.

"Ke, kin haukace ne?"

"Matso ka gani!"

Ba ta saki tiyon ba sai da tarin ya koma baƙin taɓo.

Likita ya ce hanyar numfashin Virgil ta kumbura daga ciki, kuma huhu irin nasa ba shi da sauran abin da zai yi faɗa da shi. Kwana tara ya yi a gado. Ran na goma Opal ta dawo gida da takalmansa a cikin leda.

Jajibirin jana'iza, mazan coci suka hau tudu share maƙabartar dangin Ledford da haƙa kabari. Da rana Opal ta hau musu da wake da burodin masara. Tana ajiye tukunya idonta ya faɗa kan tarin ciyawar da suka yi a kusurwa. Ganye uku-uku, sun yi ja da sanyin kaka. Dattijon coci, Hobert Caudill, yana laluben ashana a aljihu.

Opal ta ɗauki bokiti ta kife shi a gaban tarin, ta zauna.

"Yaya Opal, tashi mana. Mun san kina cikin zafi, amma gobe mutane za su cika wurin nan."

"Kunna. Sai dai ka haɗa da ni."

"Haka iyayenmu suke yi tun..."

"Haka aka yi, shi ya sa kuke haƙa ramin can." Ta nuna kabarin da yatsa. "A nan za ku ƙona shi, gobe jikokina su tsaya a kan tokar? Wanda ya isa ya zo ya ɗaga ni."

Babu wanda ya motsa. Can bayan mutane wani ya ajiye shebur ya tako. Da ƙyar ta gane Doyle. Fuskarsa ta kumbura, ido ɗaya a rufe, ƙuraje masu ruwa sun bi wuyansa har cikin riga.

"Hobert, mayar da ashanar nan," ya ce, muryarsa a dishe. Ya juya wajenta, ya kasa haɗa ido. "Yaya Opal, yaya ake yi da shi?"

Ta shiga lissafa masa.

"Riga mai dogon hannu, safar hannu mai kauri. A tono shi da saiwarsa, a ɗaure a leda, a kai juji. Kowa ya wanke hannu da sabulu da ruwan sanyi yanzu, ba anjima ba. Shebur da takalma ma a wanke." Ta gyara zama. "Kai kuma ka daina sosawa, ka je likita ya ga idon nan. Kabari ɗaya ya ishe ni."

Ba ta tashi daga kan bokitin ba sai da aka ɗaure leda ta ƙarshe.

Mai karatu, kada ka taɓa cinna wa tsiro mai dafi wuta don kai bai taɓa cutar da kai ba. Idan kuma ka ga za a yi, ka tsaya ka hana, ko da za a ce ka cika rigima. Rigimar yini ɗaya ta fi jana'iza sauƙi.