Ƙofar Tram a Croydon

Da safen nan ofis ya janye motar da direbanta. Ga shi yau da hantsi kwamitin bincike ke jiransa, kan kwangilar jiragen yaƙin da ya sa wa hannu yana minista.

"Alhaji, in ka makara cewa za su yi gudu ka yi," in ji matarsa da ta rako shi tashar tram ta Croydon. Ta gyara masa hula, ta juya.

Gumi yake yi cikin sanyin nan. Shekaranjiya shi ne shugaban wata ƙungiyar ƙasashen duniya. Kafin nan jagoran jam'iyyar talakawa ne, can baya kuma karen mota a tashar garinsu, mai buɗe wa fasinjoji ƙofa.

Tram ɗin, jirgin ƙasan cikin gari, ya iso ya tsaya. Ya matsa gaban ƙofa, ya tattare babbar rigarsa, ya jira. Ƙofar ba ta motsa ba. Yana nan tsaye har tram ya ja ya tafi.

Matar ta dawo da gudu.

"Alhaji, maɓalli ake dannawa. Yanzu babu mai buɗe maka."