Asusu Mai Lamba Bakwai

Kullum sai Injiniya ta rataya katin shaidar kamfani a wuya tun a cikin mota, sannan ta ƙwanƙwasa ƙofa. In babu katin, Tsohon Akawu ba zai buɗe baki ba. Shekara talatin da biyu ya yi a kamfanin da ke kula wa masu hali da dukiyarsu, kuma dokarsa ɗaya ce: sirrin abokin hulɗa ba ya shiga gida. Ko matarsa ba ta taɓa jin sunan mutum ɗaya daga bakinsa ba.

A takarda aikin mai sauƙi ne. Kamfanin yana da manhajoji uku da ba sa ga maciji da juna: ta rajistar iyalai, ta hannun jari, da ta aika saƙo. Manaja ya ɗauko Injiniya ta haɗa su, domin rahoton wata uku-uku ya riƙa fita da kansa. Sai da ta fara ta gane cewa abin da ke haɗa ukun tun asali mutum ne, kuma mutumin ya yi ritaya bara, bayan an same shi tsaye a bakin matakala ya manta hawa na nawa ofishinsa yake.

Saura mako uku rahoto ya fita zuwa gidaje ɗari uku da goma sha biyu. In takardar wata dattijuwa ta faɗa hannun ɗan da ke neman sayar mata da gida, ban-haƙuri ba zai gyara ba.

Likita ya ce da safe kansa ya fi zama daidai. Saboda haka ƙarfe tara take zuwa. Ta cire takalmi, ta wuce kujerar da ƙafarta ke rawa, ta zauna a ta kusa da taga. Matarsa ta kawo shayi kofi biyu, ɗaya babu sukari, ta ajiye ba tare da tambaya ba, ta koma ciki kanta a ƙasa.

Ba ya tuna ko ya karya kumallo. Amma ya san 'yan'uwa biyun da ba a haɗa sunansu a takarda ɗaya tun rabon gado. Ya san dattijon da idonsa ya mutu, wanda ake fara bugawa waya kafin a aika masa komai. Ya san gidan da ba a tura wa rahoto cikin watan da ɗansu ya rasu. Duk abin da ya faɗa sai ta mayar da shi ƙa'ida a kwamfuta: in kaza ne, a yi kaza. Ta karanta masa, ya gyara.

Wata rana ya leƙa allon ya ce Manaja ya samu ma'aikacin da yake so, ba ya shan shayi, ba ya neman ƙarin albashi. Ta yi dariya. Shi ma ya yi, sannan ya tambaye ta daga ina aka turo ta. Ta ɗaga masa katin.

A mako na biyu sau uku yake yi mata wannan tambayar kafin shayi ya huce. A na uku ya fara haɗa rayayyu da waɗanda suka riga mu gidan gaskiya. Ba ta yi masa gardama ba. Abin da ta iya tabbatarwa a fayil ta shigar, sauran ta sa musu alamar cewa sai mutum ya duba. Wata safiyar ƙa'ida biyu kawai ta samu a awa uku.

Ana jibi a gama, ya kalli ƙofar ciki, ya sassauta murya. Akwai asusu mai lamba bakwai, in ji shi, mafi ƙanƙanta a kamfanin. Na 'yarsa ne. Ranar da ya kama aiki ya buɗe mata, tana aji ɗaya a sakandare. Tun daga nan duk rahoton da zai tafi wurinta sai ya ƙara layi ɗaya a ƙasa da hannunsa. Yanzu ba ya iya rubutu. Ya ce ita ma irin wannan karatun ta yi, amma ta daɗe ba ta zo ba. Aiki ne ya yi mata yawa, bai ga laifinta ba.

"Akwatin nan naki zai iya ci gaba da rubuta mata?"

"Zai iya, Yallaɓai."

"To rubuta. Ki ci abinci kafin ki fita. Babanki yana nan lafiya."

Ta rubuta. Sau biyu ta yi kuskuren harafi, ita da ba ta saba yi ba.

Ranar Litinin ta ɗora kwamfutar a teburinsa domin ya gani da idonsa. Ƙarfe goma ta danna. Lambobi suka fara hawa, yana bin su da leɓe. Takardar dattijuwar ta tafi wurin lauyanta. 'Yan'uwan biyu kowa ya samu tasa daban. Gidan makoki aka tsallake shi. Kafin a kai ƙarshe waya ta yi ƙara a cikin jakarta. Ya ce ta duba, ta ce ba na gaggawa ba ne.

"Kina ganin ya isa wurinta?"

"Ya isa, Yallaɓai."

Ya jingina da kujera ya yi hamdala. Ya sa mata albarka, ya ce in ta koma gida ta gaida iyayenta, sun yi tarbiyya. A bakin ƙofa matarsa ta riƙe mata hannu ta matse.

Sai da ta rufe ƙofar mota ta cire katin daga wuya, ta ciro wayar, ta gangara zuwa ƙasan rahoton da ya shigo mata: Ki ci abinci kafin ki fita. Babanki yana nan lafiya.