Layi a Tafin Hannu

"Malama, ya farka!"

Tsohon ɗalibinta ne ya faɗo falon, ko takalmi bai cire ba. Nan take ta gane: gungun taurarin nan mai nisa da ta yi gadinsa da madubin hangen sama tun tana amarya har ta yi furfura, tana auna hasken nan mai ƙarfi da ake kira gamma, wanda yake fesowa, tana jiran ranar da zai yi ambaliya. Ta tuna ɗakin aikin mai sanyi, da marigayi mijinta yana tsokanarta: "Yau ma mutumin naki barci yake?"

Ɗalibin ya buɗe kwamfuta zai nuna mata layin awon hasken, sai ya tuna idanunta sun daina gani.

"Miƙo hannunki, Malama."

Da bayan biro ya ja layi a tafin, a kwance, sannan ya cilla shi sama.

"Na makara ke nan," ta ce.

"Ina! Kwantaccen layin nan duk aikinki ne. Ba don shi ba, da me za mu gane tashi ya yi?"

Ta sake buɗe masa tafin.

"Sake ja min, ɗana. Kada ka yi sauri a wurin kwanciyar."