Mariƙin Ciki

Ƙofar ta rufu ƙas, ƙarar da tsohon ya shekara tara yana jira tun ranar da aka sauke masa motar nan gunduwa-gunduwa cikin akwatuna. Sai da ya kai hannu zai fita ya tuna bai haɗa mariƙin ciki da sakatar ba. Ɗaya ƙofar a kulle take, gilasan kuma ba sa sauka.

Ya kira 'yarsa a Jamus.

"Baba, ina wurin aiki fa. Ka ƙwala wa maƙwabta kira mana!"

"Waɗanne? Na dama sun koma birnin Sofiya, na hagu suna maƙabarta."

"To fasa gilashin. Kai ma dai, wa ke gwada ƙofa shi kaɗai?"

A da ba shi kaɗai yake gwadawa ba. Kafin matarsa ta rasu bara, ita ke zama kan kujera a waje tana ɓare gasasshen tattasai. Takan ce, "Tsoho, ka cika ni da surutu, yau a ciki za ka kwana." Sannan ta goge hannu ta buɗe masa.

Guduma na nan kusa da ƙafarsa, bai ɗauka ba. Ya gyara zama, ya fuskanci kujerarta, ya soma surutu.