Ɗakin Ya Kaka Ba Shi da Satifiket

"Ku rushe shi!" in ji Abatcha, yana nuna ɗakin kakarsa da biro. "Ginin laka, ba satifiket, ba hatimi, a 1995?"

Ya Kaka ta riƙe ƙugu. "Kai maigida, shekara arba'in ɗakin nan bai taɓa yoyo ba. Takarda ce za ta tare min ruwa?"

Ina! Wata uku da gama kwalejin fasaha, kan Abatcha hayaƙi yake. Aka rushe, masu amalanke suka kwashe ƙasar, ya ce su kai ta inda suka ga dama. Tsohuwa ta koma rumfar awaki, ga damina ta ƙarato.

Sati biyu yana yawo har Damagum, yana neman bulon da ba ya cutar da muhalli. Ya kuwa samu. Wani sabon kamfani ya sauke masa a unguwarsu ta Dogo Tebo, kowane bulo da hatiminsa. Ya tara maƙwabta yana karanta musu satifiket ɗin bulon da ƙarfi: "An buga shi da tsohuwar ƙasa ingantacciya, wadda ta jure damina da yawa!"

Ya Kaka ta ɗauki bulo ɗaya ta sansana, ta ƙwaƙulo wani abu mai ƙyalli a gefensa.

"Maigida, ga ɗan kunnena da ya faɗa cikin kwaɓi ranar da aka gina ɗakin." Ta juya ga maginan da Abatcha ya kira. "Ku mayar min da ɗakina inda yake. Ai ya je makaranta ya dawo da satifiket."