Wayar da Nake Zarewa

Injin ya yi tari sau biyu ya mutu. Abokaina matuƙa jirgin sama suna tsaye suna kallo, na juya na balbale Laouali da faɗa.

"Inji na uku ke nan da na sauya! Wane irin bakanike ne kai?"

"Ma'alesh, Kyaftin, yi haƙuri," ya ce, kansa a ƙasa.

Shekara talatin ina tuƙa manyan jirage, wannan ƙaramin kuwa da hannuna na harhaɗa shi a bayan garin Riyad. Amma tun bara idona ya fara gani dishi-dishi, ban gaya wa kowa ba. Duk ranar tashi sai in riga kowa zuwa, in buɗe murfin inji in zare waya ɗaya. Laouali ya sha zagi, ni in tsira da mutuncina.

Ranar da zai koma Maraɗi gaba ɗaya, na same shi a unguwar Utaiƙa yana ɗaure kaya. Na kasa haɗa ido da shi.

"Laouali, ka yafe mini. Injin lafiyarsa ƙalau. Ni nake zare waya."

Bai ko ɗago ba.

"Na sani, Kyaftin. Amma wayar da kake zarewa ta fitila ce, ba ta hana inji tashi. Tun ranar da na ga ko ita ba ka iya bambancewa, ni nake rufe bututun mai. Bayan na tafi, don Allah kada ka hau."