Atishawar Nafisa

A zamanin da sifikoki marasa waya suka haɗe gidajen mutane, Inna Tabawa tana zaune ita kaɗai a Funtuwa, amma kunnenta na Legas. Kowane ɗaki nata da 'yar sifikarsa, tana kawo mata motsin gidan 'yarta Ramatu: madafa da madafa, falo da falo. Ba hira suke yi ba. Ƙarar tukwane da gardamar jikoki sun ishe ta.

Sai ta lura kullum bayan azahar jikarta Nafisa takan yi atishawa sau uku, uwar ta ce ta je ta sa riga. Wace irin mura ce har wata huɗu? Inna ta yi ta faɗa wa sifika a ba yarinya citta da zuma, ba wanda ya amsa.

Ranar kasuwa ta ciro ta madafar, ta ƙulle a bakin zane, ta kai wa Malam Sabi'u mai gyara.

"Ɗan nan, ina jin su, su ba sa ji na."

Ya daɗe yana dubawa. Da ya ajiye ta, bai ɗago kai ba.

"Inna, lafiyarta lau. Can Legas ne suka yanke layin tun azumi. Sautin wuni ɗaya suka naɗa, shi ake ta maimaita miki."

"Ramatun ce ta yi?"

"Da muryarta aka ba da umarnin. In goge miki?"

Inna ta daɗe tana gyara ɗankwalin da bai kwance ba.

"Bar shi," ta ce. "Ai ranar suna cikin walwala."